Babu Ja a Jikin Inna

Shekarata ashirin da biyu ina guga a ɗakin wanki na wani otal, kuma a duk tsawon shekarun nan kaya uku kacal na taɓa ƙonawa. Ba yabon kai ba ne, hannu ne Allah ya ba ni. In na ɗora bayan hannuna a kan yadi na san zafin da zai iya ɗauka, na san wanda zai yi haƙuri da wanda zai yi fushi. Boko kuwa a aji huɗu muka raba hanya da shi, ba faɗa ba zagi. Ƙanwata Auta ce ta yi karatun gidanmu gaba ɗaya, ita ce malamar makaranta, ita ce mai tabarau. Na faɗi wannan tun da wuri ne don a san wanda ake saurara a gidanmu in magana ta zo kan takarda.

Inna, mahaifiyarmu, ta faɗi a banɗaki wata safiya, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Mako uku ta yi a asibiti, kuma ko kwana ɗaya ba ta so ba, domin a can Baba ya cika, a bayan labule, ba kowa a kansa. Ranar da za a sallame mu ta kama wuyan hannuna da hannunta mai lafiya, bakinta a karkace, ta ce, "Babba, kar ku sake kawo ni nan. Ko mutuwa ce, a ɗakina." Babba take kirana, ni ce 'yar fari. Na ce mata na yi alkawari. Da sauƙi na faɗa, kamar yadda ake cewa sai gobe.

Muna haɗa kaya sai ga wata nas, yarinya ce baƙa kamar ni, tana tafiya kamar ana korar ta. Ta miƙa wa Auta wata takarda mai sheƙi mai hotuna huɗu, da wasu fom guda biyu na cikewa. Ni ko kallona ba ta yi ba, kuma ban ga laifinta ba, tabarau ai shi ake miƙa wa takarda.

Ta ce, "Abin da za ku kiyaye shi ne gyambon kwanciya. Wanda ya daɗe a kwance, inda ƙashi ya danne nama jini ba ya kaiwa, sai wurin ya mutu. Ku riƙa juya ta duk bayan awa biyu. Safe da yamma ku duba diddige, ƙugu, kafaɗa da ƙasan baya. In kun ga wuri ya yi ja, ku danna da yatsa. In ya yi fari ya dawo, ba komai. In jan ya ƙi tafiya, kar ta sake kwanciya a kan wurin, ku kira lambar da ke ƙasa."

Na leƙa hotunan ta kafaɗar Auta. Fatar da ke ciki fara ce sol, jan kuwa kamar an shafa tumatir, ko makaho ya laluba zai gani. Na dubi hoton, na dubi ƙafar Inna da ta leƙo daga ƙarƙashin bargo.

Na ce, "Nas, ita da take baƙa fa?"

Auta ta mintsine ni a cinya. Nas ɗin ta yi 'yar dariya, ba ta raini ba, ta gajiya. Ta ce, "Mama, ja ai ja ne. In ya zo ba sai an faɗa miki ba." Aka kira ta daga wani gado, ta tafi.

Sai an san baƙin Inna za a gane tambayata. Inna baƙa ce wuluk, irin baƙin da in ta shafa mai sai ya ɗauki ido, kuma tana ji da abinta. Baba ne fari, shi Auta ta ɗauko. Ni na tsaya a tsakiya, kusa da Inna. Takan ce ni an sauke ni ban gama dahuwa ba, Auta kuwa ɗanya aka sauke ta. Tun muna yara, Auta in sauro ya cije ta sai unguwa ta sani, wurin ya yi jawur, a ruga da ita kantin magani. Ni da Inna sai mun buɗe baki mun faɗa, kuma mu ba masu faɗa ba ne. "Fatata mai rufin asiri ce," in ji Inna. Shekarun da Baba yake da saurin hannu, kafin girma ya sanyaya shi, ba maƙwabcin da ya taɓa ganin shaida a fuskarta. Ita tana lissafa wannan cikin ni'imomin da Allah ya yi mata.

Gidanmu a hawa na uku yake, ɗaki biyu da falo, matakala ƙunci kamar maƙogwaro. A kujera aka hau da Inna. Auta ta liƙa fom ɗin a ƙofar kwabar kaya, ta ɗaure biro da zare a gefensa, ta liƙa takardar hotunan a sama. Kowace rana da layinta, kowane layi da gurbi biyu, na safe da na yamma, a samansu an rubuta: Akwai ja? Na roƙi shugabanmu ya mayar da ni aikin rana, daga ƙarfe biyu. Ni ke da safiya, Auta ta dawo daga makaranta ta karɓa, in na taso mu haɗu mu biyu.

Ina so a ji wannan da kyau, domin daga baya an kalle mu da wani ido. Ba mu yi sakaci ba. Ni nake mata wanka da ruwan ɗumi, in tsane ta, in shafe ta da mai tun daga wuya har yatsun ƙafa. Zanin gadonta ni nake goge shi da kaina, ko layi ɗaya ba na bari, in na shimfiɗa shi sai ka ce na ɗakin manyan baƙi. Agogon waya yana kiɗa duk awa biyu, mu juya ta, tana mita tana cewa mun mai da ita nama a kasko. Safe da yamma mu ɗaga riga mu duba. Rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa yake, amma a watan nan na ƙware a kalma ɗaya, har Auta ta yabe ni: babu.

Abu ɗaya ya rage wa Inna na jin daɗin duniya, shi ne taga. Da hantsi sai in jingina ta da matashi uku, rabi zaune rabi kwance, fuskarta ga titi. Daga nan tana ganin inda ake jiran bas, da mai gyaran takalma a ƙarƙashin lemarsa, da matar nan mai kantin ƙasa wadda kullum sai ta kori mijinta da tsintsiya kuma kullum sai ya dawo. Inna takan ba ni rahoto ina shara. "Ya dawo, Babba. Yau da burodi ya zo ban haƙuri." In agogo ya yi kiɗa na zo kwantar da ita ta gefe sai ta ce in bar ta ta ga duniya. Awa biyu takan zama uku, wata rana huɗu. Takarda ta ce in an ga ja ne a ɗauke nauyi daga wurin, mu kuwa ba mu ga ja ba.

Ranar goma sha tara da dawowarmu, ina tsane mata baya, bayan hannuna ya gifta ta ƙasan bayanta, ɗan gefen hagu, inda ƙashin nan yake. Na wuce, sai hannun ya dawo da kansa. Wurin ya fi gefensa zafi. Ba zafi mai yawa ba, irin wanda yadi ke riƙewa bayan an ɗaga dutsen guga da ɗan jimawa. Na danna, na ji tauri a ƙasa, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Na jawo labule haske ya shigo, na sa ido sosai. Baƙi ne, kamar ko'ina, sai ɗan sheƙi.

Na san wannan sheƙin. Na ukun kayan da na ƙona baƙin wando ne na wani baƙo. Aka kira ni, na bar dutse a kansa daidai ƙiftawar ido biyu. Da na ɗaga ban ga komai ba. Da farar riga ce da tuni ta yi rawaya ta tona mini asiri, shi kuwa sai ɗan sheƙi kawai, na ninke shi na aika sama ina hamdala. Bayan kwana uku ya dawo wanki, ya shiga inji, ya fito da rami daidai siffar dutsen. Zaren ya riga ya mutu tun ranar, baƙin ne ya rufe.

Na ce, "Inna, nan yana miki ciwo?"

Ta ce, "Wannan gefen ai ba nawa ba ne yanzu. Ki tambayi mai shi."

Da Auta ta dawo ban bar ta ta ajiye jaka ba. Ta gyara tabarau, ta kunna fitilar waya, ta duba, ta danna da yatsa, ta ɗaga kai ta dubi hoton da ke jikin kwaba, ta sake duba Inna. Ita ma ba ta yi wasa ba, haƙƙinta ne in faɗa. Ta kira lambar da ke ƙasan takardar. Wani likita ya ɗauka, ya ce a turo hoto. Ta ɗauka sau biyar, duk biyar ɗin baƙi ne a kan baƙi, ko ni da na san wurin ban gane shi a waya ba. Can sai ga amsa, Auta ta karanta mini: ba ya ganin komai, fata ba ta fashe ba, mu ci gaba da juyawa, in ya yi ja mu kawo ta.

Na ja ta falo na ba ta labarin wandon. Ta saurara har ƙarshe, da irin haƙurin da take yi wa 'yan aji ɗaya.

Ta ce, "Yaya, mutum ba wando ba ne."

"Ban ce wando ba ce. Na ce wurin da zafi."

"Ta kwanta a kai, dole ya yi zafi."

"Ɗaya gefen ma ai ta kwanta a kai."

"To me kike so a yi? Likita ya gani ya ce ba komai. Takarda ta ce ba komai. Mu ɗauke ta mu sauka hawa uku, mu je asibiti mu ce bayan hannun Yaya ne ya yi mafarki?"

Ba ta rage murya ba, Inna kuwa kunnenta bai shanye ba. Daga ɗaki muka ji ta. "Babba." Na shiga na same ta idonta ya ciko, hannunta mai lafiya ya damƙe ƙarfen gado. Ta ce, "Kin yi alkawari." Na ce mata ba inda za a je, hira kawai muke. Na fito na ɗauki biron da ke reto a zarensa, na tsaya a gaban gurbin ranar. Tambayar ba ta ce akwai zafi ba, ba ta ce akwai tauri ba. Na rubuta babu.

Na yi ɗan ƙoƙari irin nawa, na ɓoye. Kwana biyu na hana ta taga, na kwantar da ita ta gefen dama, fuskarta ga kwaba. Ta yi fushi, ta ƙi abinci, cokali ya zo ta datse baki. Auta ta ce ina azabtar da tsohuwa a kan abin da babu shi, kuma yunwa ce za ta kashe ta kafin gyambon da nake hasashe. Rana ta uku na jera matasan nan uku na jingina ta. Ta ci abinci har ta nemi ƙari, ta ba ni labarin mai gyaran takalma ya yi sabuwar lema. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, ina kuma jin tsoro a lokaci guda. Don in rage wa kaina tsoron sai na riƙa murza wurin da mai kowace safiya, da ƙarfi, wai in watsa jinin. Daga baya aka gaya mini murzawar ma ƙara kashe naman take yi.

Haka kwana goma sha biyu suka wuce. A wurin aiki, cikin tururi da ƙarar injuna, sai in tsinci kaina na tsaya da dutse a sama ina tunanin wurin. Dogo mai kula da injin wanki ya ce ko an yi mini miji ne ban faɗa ba. A gida taurin yana faɗi a ƙarƙashin hannuna, zafin ma wata safiya ya ɓace, wurin ya koma ya fi gefensa sanyi, na ce ko sauƙi ne ya zo. Na ga kamar ya ƙara duhu. Na nuna wa Auta, ta ce, "Yaya, ina ne ba duhu a jikin Inna?" Inna ta yi dariya da rabin bakinta ta ce a gaya mini dai.

Ranar talatin da ɗaya, ina buɗe ƙofar ɗakin da safe wani wari ya tare ni, ba na fitsari ba, ba na wani abin da na saba da shi ba. Jikin Inna zafi rau, tana magana da Baba. Na juya ta, na sa tawul a hankali, sai fatar wurin ta biyo tawul ɗin kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ramin da ya buɗe bakinsa bai fi kwabo ba. Amma ruwan da ya fito daga cikinsa ya gaya mini cewa ƙasan ya wuce bakin nesa ba kusa ba. A ranar na ga ja, a jikin farin zanin da na goge.

Auta ba ta je makaranta ba. Mai kantin ƙasa da mijinta suka hau da kujera, muka ɗora Inna. Zazzaɓin bai hana ta gane inda za a ba. Da muka zo ƙofar ɗaki ta miƙa hannunta mai lafiya ta kama katakon ƙofar. Ban san tsohuwa mai rabin jiki tana da wannan ƙarfin ba. Mutumin ya ja, kujerar ta ƙi. Auta tana kuka tana cewa Inna ki yi haƙuri. Kowa ya tsaya yana kallona, don ni ce Babba. Na sa hannu na ɓamɓare yatsunta daga katakon, ɗaya bayan ɗaya, na fara da ƙaramin. Ido kawai ta zuba mini har muka kai ƙasa.

Likitan da ya karɓe mu saurayi ne. Ya ɗaga tawul ɗin da na rufe wurin da shi, ya sa wani siririn ƙarfe ya auna zurfin, ƙarfen ya yi ta shiga. Ya juyo ya ce, "Wa ke kula da ita?" Muka ce mu ne, 'ya'yanta. Ya ce, "Wannan ba ciwon jiya ba ne, ya yi makonni yana ci. Haka ake barin uwa?" Auta ta zaro fom ɗin nan biyu daga jaka, ta miƙa masa. Bai karɓa ba. Ya ce ciwon ya kai ƙashi, kuma da alama ya shiga jini, za a yanke mataccen naman a sa mata magani ta jijiya, sauran sai addu'a.

Wadda ta karɓi fom ɗin ita ce babbar nas ta ɗakin mata, Sista suke ce mata. Dattijuwa ce mai nauyin ƙafa, furfura ta leƙo ta gefen hularta, baƙinta ya kusa na Inna. Washegari da safe, bayan an fito da Inna daga ɗakin tiyata, ta zauna a bakin gado ta bi layukan da yatsa. Babu, babu, babu, sau sittin, rabi da kyakkyawan rubutu rabi da tonon kaza. Ta ninke su ta ajiye a cinya.

Sai ta kama hannuna, ta juya shi, ta ɗora bayansa a kan ƙugun Inna na dama, ta matsar da shi gefe, ta dawo da shi. Ta ce, "'Yar'uwa, bari in nuna miki, don gaba. A fata irin tamu ba ja ake jira ba. Hannu ake sawa, bayan hannu. Wurin zai fi gefensa zafi, ko ya fi sanyi. Zai yi tauri, ya yi sheƙi, wani lokaci ya ƙara duhu. In kika jira ido ya gani, ƙasa ta riga ta ruɓe."

Na ce, "Na ji shi. Ranar goma sha tara."

Ta ɗago ta dube ni. Auta ta tashi ta fita, takalminta na ƙara har ƙarshen baranda.

Na ce, "Sista, tunda an sani, me ya hana a rubuta haka a takardar?"

Ta yi ajiyar zuciya. Ta ce ita ma da irin waɗannan hotunan ta yi karatu, sai da ta rasa marasa lafiya biyu kafin hannunta ya koya. Sau uku tana rubuta wa na sama. Suka ce hotunan daga littafin likitoci aka ciro su, ba za a ce littafi ya yi kuskure ba, kuma akwai katan arba'in na takardar a ɗakin ajiya, sai sun ƙare za a duba. Ta ce, "In ina nan ranar sallama ina faɗa da baki. Ranarku ba na nan." Ta miƙo mini fom ɗin, na ce ta jefa a kwandon shara. Ba ta jefa ba, ta sa a aljihu.

Gadon da aka ba Inna ba taga kusa da shi. A gefe ake kwantar da ita, fuskarta ga bango, in an juya ta kuma ga labule. Kwanakin farko hankalinta yana zuwa yana tafiya. In ya zo takan karɓi ruwa daga hannun Auta, ta ce mata ta je ta huta. In ni na miƙa sai ta rufe ido. Sau ɗaya ta yi mini magana, rana ta huɗu, ina gyara mata matashi. Ta ce, "Kin ɓamɓare mini yatsu, Babba." Ba da faɗa ta faɗa ba, kamar rahoton titi ta ba ni. Na ce na yi, Inna. Ban nemi gafara ba, domin ban san wanne zan nema a kai ba, na ranar da na kawo ta ko na ranar da ban kawo ta ba.

Ni da Auta ba mu yi faɗa ba, da ma mun yi. A benci muke zama a baranda, tsakaninmu wurin mutum ɗaya. Wata rana ta cire tabarau ta ce, "Yaya, ki zage ni mana." Na so in yi, Allah ya sani na tanadi kalmomi. Amma ita abin da ta gani ta rubuta. Ni ce na ji abu da hannuna, na ɗauki biro da wannan hannun na rubuta babu sau goma sha biyu. Na ce mata ta mayar da tabaraunta kar ya faɗi.

Rana ta tara, da hantsi, Auta ta je karɓo sakamakon jini, Sista kuma ranar hutunta ce. Aka zo sallamar tsohuwar da ke gadon kusa da mu, wadda ta karye a ƙugu, ita ma gida za a kai ta ta kwanta. Baƙa ce, har ta ɗan fi Inna. Ɗanta ne ya zo ɗaukarta, mutum mai tsabta, da biro biyu a aljihun riga. Sai ga yarinyar nas ɗin nan da saurinta, da takarda mai sheƙi da fom biyu. Ba ta gane ni ba. Ina zaune ina jin ta kalma bayan kalma, diddige, ƙugu, kafaɗa, in kun ga wuri ya yi ja ku danna da yatsa.

Da suka ɗora ta a keken marasa lafiya suka fita na tashi na bi su. Na cim masa a baranda, na kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa namijin da ban sani ba. Na gaya masa kar ya jira ja, ja ba zai zo ba. Na juya hannuna na nuna masa bayansa. Na ce zafi, na ce tauri, na ce sheƙi. Na rikice har na shiga ba shi labarin baƙin wando. Ya tsaya ya saurara, mutum ne mai ladabi, yana kallon inda na riƙe masa riga.

Ya ce, "Mama, ke nas ce a nan?"

Na ce, "A'a. Mai guga ce."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To, mun gode ƙwarai. Allah ya ba mai jikin lafiya." Ya ninke takardar gida huɗu, da kula, don kar hotunan su lalace, ya sa ta a aljihu bayan birukan. Ya tura keken, tsohuwar ta ɗago mini hannu.

Na koma ɗakin. An riga an yaye gadon tsohuwar, an ja labulen Inna ya zagaye ta. Na shiga ciki na same ta yadda na bar ta, fuskarta ga bango, fatar nan tata lafiya lau, tana sheƙi da man da na shafa mata da safe. In da ido ne sai a ce barci take. Na ɗora bayan hannuna a goshinta, na matsar da shi zuwa wuya, na dawo da shi.

Na je teburin nas na faɗa mata Inna ta cika. Ta leƙo ta bayan labule, ta ce ba ita ke da ikon cewa ba, in jira likita ya zo ya duba ya cike takarda. Na jawo kujera na zauna ina jira.